Lamba 18 da ƙofar da ba a rufe ba: nazarin kuskuren wata ɗaliba a Garwa

Tambaya guda ce, layinta bai wuce shida ba, amma sai da ta ci mana zama uku ni da 'yar yayata kafin mu rabu da ita. Na rubuta yadda abin ya gudana ne saboda malaman lissafi irina masu karɓar ɗalibai a gida, musamman a wannan yanki namu na arewacin Kamaru, inda yaro ke karatu da Faransanci, ya yi ciniki da Fulatanci, ya yi tunani da Hausa, sannan a ce ya je ya zauna jarrabawa da Turanci.

Yarinyar sunan mahaifiyarmu ta ci, don haka Ummi muke ce mata. Ta yi bak ɗinta, wato jarrabawar kammala sakandare, a ɓangaren C na lissafi da kimiyya, ta karanci harkar akanta a Jami'ar Ngaundere, yanzu kuma ita ke riƙe da littattafan kuɗi na wani kamfanin sufuri a nan Garwa. Burinta digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci a ƙasar waje, makarantun da take hari kuwa suna neman sakamakon GMAT. Bayan la'asar take zuwa gidana a Hausare, ranar Asabar da Lahadi, mu shimfiɗa tabarma a zaure saboda zafi, ita da kwamfutarta, ni da allo da alli.

Ga wanda bai san jarrabawar ba: wata cibiya ce a Amurka mai suna GMAC ke shirya ta. A ƙarshen 2023 suka fito da sabon tsari mai sashe uku, kowanne minti 45, maki daga 205 zuwa 805. Irin tambayoyin da nake magana a kai da a sashen lissafi suke, amma a sabon tsarin an mayar da su sashen nazarin bayanai, mai tambaya 20. In ka raba, kowace tambaya tana da minti 2 da daƙiƙa 15. Ni ina kiran su tambayoyin isar bayani, don ba amsar lissafin ake nema daga gare ka ba. Za a yi maka tambaya, a ba ka bayani biyu, a ce ka faɗi ko bayanan sun isa a yanke hukunci. Zaɓin biyar ne kuma ba sa canzawa: A in bayani na ɗaya kaɗai ya isa, B in na biyu kaɗai ya isa, C in sai an haɗa su, D in kowanne ya isa shi kaɗai, E in ko an haɗa ba su isa ba.

Ummi ba ta da matsala da lissafi. A gaskiya ta fi ni saurin hannu. Amma na lura duk sanda aka kawo tarin lambobi da aka siffanta da ƙa'ida, sai ta faɗi, kuma tana faɗuwa ne da cikakken yaƙini, ba da shakka ba. Wannan ne ya dame ni. Ɗalibin da ke shakka ya san akwai rami a gabansa. Don in gano inda ciwon yake, sai na tsara mata tambaya da kaina.

Tambayar

S tarin cikakkun lambobi ne mai ƙa'ida biyu. Ta farko: idan x na cikin S, to x + 4 ma na ciki. Ta biyu: idan x da y na cikin S, to x sau y ma na ciki. Shin 18 na cikin S?

(1) 3 na cikin S.
(2) 30 ba ya cikin S.

Ba ta kai minti ɗaya ba ta ce A. Na ce ta yi mini bayani da baki, don na fi koyo daga bakin ɗalibi fiye da takardarsa.

Ta ce, "Kawu, ai a fili yake. In ka fara daga 3, ƙa'ida ta farko za ta ba ka 7, 11, 15, 19. Ta biyu za ta ba ka 9, 21, 33 da sauransu. Duk mara ne. Mara in ka ƙara mata huɗu mara ce, mara sau mara kuma mara ce. 18 kuwa cika ce, ba ta da hanyar shiga. Amsa a'a ce, bayani na ɗaya ya isa. Na biyu kuwa bai ba ni ko lamba ɗaya da zan fara da ita ba, da me zan yi aiki?"

Duk lissafin da ta yi daidai ne, babu inda ta yi tuntuɓe a ƙari ko ninki. Amma amsar B ce. Bayanin da ta ɗauka shi ne bai isa ba, wanda ta yar kuma shi ne ya isa.

Zama na farko: aljihun da ba a lalube ba

Ban gaya mata amsar ba. Na ce ta ɗauki dukkan cikakkun lambobi, daga ƙasa da sifili har sama, ta gwada mini ƙa'idojin a kansu. In ka ƙara 4 a kan cikakkiyar lamba, cikakkiya za ka samu? Ta ce e. In ka ninka biyu daga cikinsu fa? E. 3 na ciki? E. To 18 fa?

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Amma Kawu, wannan ai ba shi ne S ba."

Na ce, wa ya gaya miki?

A nan tushen matsalar ya fito. A lise, wato babbar sakandare, abin da aka horar da ita a kai shi ne jerin lambobi mai bin juna: a ba ka lamba ta farko, a ba ka yadda ake samun ta gaba, shi ke nan, jerin ya tabbata, babu baƙo a cikinsa. In an ce fara daga 3 kana ƙara 4, to 18 ba ta ciki har abada. Shekara da shekaru tana cin maki da wannan tunani, kuma daidai ne a muhallinsa. Sai ta ɗauko shi ɗungurungum ta ɗora a kan tambayar da ba jeri ta ba ta ba. Ƙa'idar da ke cewa "idan x na ciki to x + 4 na ciki" tana faɗin wanda dole ya shiga ne kawai. Ba ta ce komai ba game da wanda aka hana. Kamar mai gida ne ya ce duk wanda ya zo biki to a ba ƙanensa wuri. Wannan bai hana maƙwabci shigowa da ƙafarsa ba.

Misalin da ya fi shiga kanta na kasuwa ne, tunda ita mai kuɗi ce. Na ce a ɗauka mutum yana da sulalla na dala biyu da na dala biyar, wato na sefa 10 da na 25, iya yawan da yake so. Zai iya biyan dala uku cif, ba tare da an ba shi canji ba? Ta lissafa: biyu, huɗu, biyar, shida, bakwai, daga nan kowace lamba tana samuwa, amma ɗaya da uku ba sa fita. Ta ce ba zai iya ba. Na ce to ni abin da na faɗa shi ne yana da waɗannan sulalla. Ban ce su kaɗai ke aljihunsa ba. In akwai 'yar dala guda a ƙasan aljihun fa? Ta yi dariya, ta ce a wannan zamani na ƙarancin canji wa ke da dala guda. Amma ta gane.

Wannan lissafi na sulalla ma yana da tarihinsa. Idan lambobi biyu ba su da wata lamba mai raba su duka sai 1, to mafi girman adadin da ba za a iya haɗawa da su ba shi ne ninkinsu a cire jimillarsu. Ga 2 da 5, 10 a cire 7, saura 3. Ana jingina wannan ga James Joseph Sylvester, masanin lissafi ɗan Ingila na ƙarni na 19. Amma ka ga shi ma sakamakon bai tsaya ba sai da sharaɗin cewa waɗannan sulalla biyu kaɗai ake da su.

Na kuma gaya mata cewa kuskurenta ba na ƙananan mutane ba ne. Lokacin da Giuseppe Peano, ɗan Italiya, ya tsara ginshiƙan lambobin ƙirga a 1889, bai tsaya a cewa akwai lamba ta farko kuma kowace lamba tana da mabiyiya ba. Sai da ya ƙara wani ginshiƙi na musamman, wanda aikinsa shi ne rufe ƙofa: duk tarin da ya ƙunshi ta farko kuma yake ɗauke da mabiyiyar kowace lamba da ke cikinsa, to ya ƙunshi lambobin ƙirga gaba ɗaya. Ba don wannan ba, da wasu abubuwa na daban za su iya laɓewa a ciki. Shi ne tushen hujjar bi-da-bi da ta koya a ajin ƙarshe na lise. Wato an saba rufe mata ƙofar ne ba tare da ta lura ana rufewa ba, sai ga jarrabawar da ke barinta a buɗe da gangan.

Aikin da na ba ta daga ranar: kafin ta ce bayani ya isa, ta rubuta tari biyu a gefen takarda. Ɗaya mafi ƙanƙanta da ƙa'ida ta tilasta, ɗaya mafi girma da ƙa'ida ta yarda da shi. A tambayarmu, tarin dukkan lambobin mara ya cika ƙa'idoji biyun, yana da 3, ba shi da 18. Tarin dukkan cikakkun lambobi shi ma ya cika su, yana da 3, yana da 18. Ɗaya ya ce a'a, ɗaya ya ce e. Bayani na ɗaya bai isa ba, kuma da zarar haka ta tabbata, A da D sun fita, saura B, C da E.

Zama na biyu: tafiya da baya

Bayani na biyu ya fi ba mu wahala, kuma laifina ne, don na ɗauka zai zo da sauƙi. Ummi ta dawo da amsar E. Hujjarta ita ce tunda na koya mata cewa ƙa'ida ba ta hana kowa shiga, to babu yadda za a yi a taɓa tabbatar da cewa wata lamba ba ta ciki. Ta tashi daga wannan gefe ta faɗa wancan. Haka ɗalibai masu ƙwazo suke, in ka ba su magani sai su shanye kwalbar.

Na ce to mu ƙaddara 18 na ciki, mu ga abin da zai faru. Ƙa'ida ta farko ta jawo 22, 22 ta jawo 26, 26 ta jawo 30. Amma an gaya mana 30 ba ya ciki. Ke nan ƙaddarawar tamu ta rushe, 18 ba za ta kasance a ciki ba. Ba ita kaɗai ba ma: 26, 22, 14, 10, 6, 2, har zuwa ƙasa da sifili, duk wadda za ta kai ka 30 ta hanyar ƙara huɗu-huɗu an kore ta.

Abin da na so ta riƙe shi ne cewa labari iri biyu ne ke yawo a kan ƙa'ida ɗaya, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Labarin "yana ciki" gaba yake tafiya, kamar ruwan Binuwai da ke gangarawa Yola. Labarin "ba ya ciki" kuwa baya yake komawa. In aka ce maka ruwan da ya iso Yola babu launi a cikinsa, ka san ba a zuba shuni a Garwa ba. Amma in ka ga launi a Yola, wannan bai nuna daga Garwa ya taso ba, ƙila a tsakani aka zuba.

Don in gwada ko ya zauna, sai na canza bayanin na ce: 26 na cikin S. Nan take ta fara cire huɗu, 22, 18, ta buɗe baki za ta ce ya isa, sai ta kama kanta. Ta rubuta tarin da ya fara daga 26: 30, 34, da ninke-ninkensu, duk babu wanda ya gaza 26, don haka 18 ba ta ciki. Ta rubuta tarin dukkan lambobi, 18 na ciki. Bai isa ba. Wannan ne karo na farko da na ga ta yi gwajin tari biyu ba tare da na tuna mata ba. Da ƙa'idar ta ce x na ciki idan kuma kawai idan x + 4 na ciki, da hanyar ta zama mai zuwa da dawowa, da 26 ta isa. Kalmomi uku ne ke tsakani, kuma mai karanta Turanci a matsayin harshe na huɗu yana iya tsallake su bai sani ba. Saboda haka na sa ta riƙa ja layi ƙarƙashin kalmomin da ke nufin "kawai", "daidai da", "mafi ƙanƙanta" da "babu wasu" a duk tambayar atisaye, don su ne makullin ƙofar.

Akwai kuma wani abu ƙarami da ya ɓuya a ƙarƙashin wannan. Ummi tana jin nauyin ta ce bayani ya isa alhali amsar da ya bayar a'a ce. A ranta, "ya isa" da "e" 'yan uwa ne. Abin mamaki, a zaman farko ta karɓi a'a daga bayani na ɗaya ba gardama, saboda ta ga jerin lambobi da idonta. Da a'a ta zo ta hanyar rushe ƙaddarawa, ba tare da jeri ba, sai ta ƙi amincewa da ita. Na ce mata alƙali in ya wanke wanda ake tuhuma ai ya yanke hukunci, kamar yadda in ya ɗaure shi ya yanke. Wanda bai yanke ba shi ne wanda ya ɗage shari'a.

Na yi mata gargaɗi ɗaya kafin mu tashi. Komawa baya a kan ƙa'idar ninki ba ta da tsafta kamar ta ƙari. A tarin da ƙa'idarsa ninki ce kaɗai, in aka ce 35 ba ya ciki, abin da ka sani shi ne 5 da 7 ba za su haɗu a ciki ba. Wanne ne ba ya nan? Ba ka sani ba. Ƙila 5, ƙila 7, ƙila duka biyun.

Zama na uku

A mako na gaba na juya aikin. Na ce ita za ta tsara tambayoyi, ni in amsa, don a ganina babu abin da ke nuna ɗalibi ya gane tarko kamar ya iya ɗana shi. Biyun farko ba su da wuya. Ɗaya tana da ƙa'idar ɗebewa, wato idan x da y na ciki to x a cire y na ciki, ana tambayar ko 2 na ciki, da bayanin cewa 10 na ciki da kuma 14 na ciki. Kowanne shi kaɗai bai isa ba, amma a haɗe 14 a cire 10 ya ba da 4, 10 a cire 4 ya ba da 6, 6 a cire 4 ya ba da 2. C ke nan. Na nuna mata cewa abin da ta yi shi ne tsohuwar hanyar Yukilid, masanin lissafin Girka na dā, ta neman babbar lambar da ke raba lambobi biyu, ta hanyar cire ƙarami daga babba a kai a kai. Muka ɗan tsaya kuma a kan wani lungu: in ba a ce x da y dole su bambanta ba, to x a cire x sifili ne, don haka duk tarin da ke da ko lamba ɗaya yana da sifili. Tarin da babu komai a cikinsa kuwa ya cika kowace ƙa'ida mai farawa da "idan", tunda babu wanda zai karya ta.

Ta uku ita ce wannan, da ƙa'idar ɗebewa ɗin dai. Shin 6 na cikin S?

(1) 15 na cikin S.
(2) 3 ba ya cikin S.

Ina riƙe da kofin shayi na duba. Na farko: ninke-ninken 15 ba su da 6, dukkan lambobi suna da shi, bai isa ba. Na biyu: lambobin cika ba su da 3 amma suna da 6, ninke-ninken 5 ba su da 3 kuma ba su da 6, bai isa ba. A haɗe, na ga 15 ba ta haifar da 6, na ga 3 ba ta da alaƙar kai tsaye da 6 ta hanyar baya, tunda rashin 3 bai hana 6 ba kamar yadda lambobin cika suka nuna. Na ce E.

Ta ce, "Kawu, ina tari biyunka?"

Na ɗauki alli. Tarin da ke da 15, ba shi da 3, ba shi da 6: ninke-ninken 5, ya samu. Tarin da ke da 15, ba shi da 3, amma yana da 6: na fara rubutawa, 15 a cire 6 ya ba da 9, 9 a cire 6 ya ba da 3. Ga 3 ta shigo, alhali an ce ba ta ciki. Tari na biyun ba ya samuwa. Ke nan 6 ba ya ciki, amsar C ce. Na tsallake matakin da na yi mako biyu ina tilasta mata, saboda na ga kamar na riga na san amsar. Ta haɗa darussan biyu a tambaya ɗaya: labari mai tafiya gaba daga 15, da mai komowa baya daga 3, su gamu a kan 6.

Abin da ya rage mata yanzu lokaci ne. Rubuta tari biyu ga kowane bayani yana kai ta kusan minti uku a tambaya, jarrabawar kuwa minti 2 da daƙiƙa 15 ta ware. Mun yanke shawarar ta riƙe wasu taruka a ka, waɗanda kusan kullum suke aiki: dukkan cikakkun lambobi, lambobin cika, lambobin mara, ninke-ninken lambar da aka bayar, da duk lambobin da suka kai wata iyaka zuwa sama. Ta fara gwada babban tukuna, don ba ya bukatar rubutu, sai in bayani ya kore shi. Sabon tsarin kuma yana ba da damar komawa a canza amsa har uku a kowane sashe in lokaci ya ragu, don haka in tari na biyu ya ƙi fitowa cikin minti ɗaya, ta zaɓi abin da ya fi rinjaye, ta yi wa tambayar alama, ta wuce. Asabar mai zuwa za mu fara yi da agogo.